Wanda Ruwa Ya Ci, Ko Takobi Aka Miƙa Masa Zai Kama

Yau filin namu zai yi doguwar tafiya, ya haye Tekun Atlantika, ya sauka a wata ƙasar baƙar fata da ake kira Haiti. Dalilin tafiyar kuwa wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kan dawo mini duk sa'ad da labarin girgizar ƙasa ya shigo mana ofis, kamar yadda ya shigo daga Turkiyya da Siriya cikin watan Fabrairu na 2023, da kuma daga Maroko cikin Satumba na shekarar. In irin wannan masifa ta auku, tun ƙura ba ta lafa ba za ka ji masallatai da majami'u sun fara yekuwar gudummawa, ƙungiyoyin addini kuma sun ɗaure kaya sun nufi wurin. Wannan abin yabo ne. Amma mutumin da ya iso da buhun shinkafa a hannu guda, da littafin addininsa a ɗaya hannun, me ya halatta ya nema daga wanda gidansa ya rushe a kan iyalinsa? Ban san wata ƙasa da aka gwada wannan tambaya a kanta kamar Haiti ba.

Ran Talata 12 ga watan Janairu 2010, da ƙarfe biyar saura minti bakwai na yamma, ƙasa ta motsa a kusa da garin Leogane, kimanin mil 16 yamma da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Masana suka auna ƙarfinta suka ce maki 7 ne. Ba ta cika minti guda tana yi ba, amma da ta tsaya sai aka tarar fadar Shugaban Ƙasa ta durƙushe, ginin majalisar dokoki ya zube, babban kurkuku ya fashe har fursunoni wajen 4,000 sun watse cikin gari, yawancin ma'aikatun gwamnati kuma sun zama tsibin ƙasa. Hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya ta rufta a kan shugabanta, Hedi Annabi mutumin Tunisiya, tare da ma'aikatansa masu yawa. Babbar majami'ar Katolika ta rushe, babban limaminta na birnin, Joseph Serge Miot, yana cikin waɗanda suka rasu. Gwamnati ta ce mutum 316,000 ne suka mutu, waɗansu masu bincike suka yi gardama suka ce adadin bai kai haka ba. Abin da ba wanda ya yi gardama a kansa shi ne mutum wajen miliyan ɗaya da rabi sun wayi gari ba su da wurin kwana, kuma da motocin ɗibar ƙasa aka riƙa kwasar gawa ana zubawa cikin manyan ramuka a wani fili da ake kira Titanyen, arewa da birnin.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan bare ne gare mu. Jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kai su noman rake, kuma a cikin takardun da Faransawa masu gonakin suka bari akan ga sunan Hausa a jerin ƙabilun bayin. Su ne suka yi tawaye a 1791, suka kori iyayengijinsu da ƙarfin tuwo, suka kafa ƙasarsu ran 1 ga Janairu 1804.

To, bari in fara da yabo, don a bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Ran da gwamnatin Haiti ta faɗi ƙasa warwas, abin da ya saura a tsaye cikin unguwanni shi ne majami'a da asibitin mishan da makarantar mishan. Dama can fiye da kashi 80 cikin 100 na makarantun ƙasar ba na gwamnati ba ne, da yawa daga cikinsu na majami'u ne. Ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka tana aiki a Haiti tun 1954, saboda haka da abin ya faru tana da kaya a rumbunanta, tana da ma'aikata 'yan ƙasa, ba ta jira jirgi ba ta fara rabo. Dubban mutane suka taru a wani fili kusa da gidan ƙungiyar Salvation Army a unguwar Delmas, ta karɓi ɗawainiyarsu. Asibitin 'yan Adventist da ke Carrefour bai rushe ba, aka kafa tantuna a harabarsa ana ɗori da fiɗa dare da rana. A kan tsaunin Fermathe, kudu da birnin, akwai asibitin mishan na 'yan Baftis waɗanda suka zauna a wurin tun shekarun 1940, shi ma ya cika ya batse da masu karaya. Ƙungiyoyin Musulmi irin su Islamic Relief su ma sun zo sun kafa tantuna a ƙasar da Musulminta 'yan kaɗan ne, ba su tambayi kowa addininsa ba.

In ka duba waɗanda suka fi amfanar mutane a kwanakin farko, za ka ga abu guda ya haɗa yawancinsu: suna nan tun kafin masifar. Sun iya Kiriyol, harshen talakawan ƙasar. Sun san wace gwauruwa ce ke da 'ya'ya shida a ƙarshen lungu, sun san wane ne zai karɓi buhu biyu ya kai ɗaya kasuwa. Ko su ma ɗin bayan 'yan ƙasa suke, domin waɗanda ƙwararrun masu ceto na ƙasashen waje suka zaƙulo daga ƙarƙashin gini kaɗan ne in an gwada da waɗanda maƙwabta suka tono da hannu da guduma. Da dare kuwa, a kan titunan da ba wuta, mutanen da suka rasa kome sai su taru suna waƙoƙin addu'a har gari ya waye. Ba baƙo ne ya kawo wa mutanen Haiti imani ba, da abinsu ya tarar da su.

Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Haiti kuwa ya tsage ta ko'ina.

Ran Juma'a 29 ga Janairu, watau kwana 17 bayan girgizar, 'yan sandan Haiti suka tsai da wata mota bas a Malpasse, kan iyakar ƙasar da Jamhuriyar Dominikan. A cikinta akwai Amurkawa goma, galibinsu 'yan majami'un Baftis ne na jihar Idaho, a ƙarƙashin jagorancin wata 'yar kasuwa mai suna Laura Silsby. Tare da su akwai yara 33, daga jariri ɗan wata biyu zuwa ɗan shekara 12. Aka tambaye su fasfo ɗin yaran, babu. Aka tambaye su takardar izni ta gwamnati, babu, alhali kuwa gwamnati ta riga ta ba da sanarwa cewa ba yaron da zai fita ƙasar da sunan riƙo sai da sa hannun Firayim Minista, Jean-Max Bellerive. Suka ce marayu ne, za su kai su wani otal da suka yi haya a garin Cabarete, a bakin teku, kafin su gina musu gidan marayu. Shirin da suka rubuta tun daga gida ya nuna yara 100 suka yi niyyar tarawa, kuma ya ambaci buɗe hanya ga iyalan Kirista na Amurka su ɗauki waɗansu su mai da su 'ya'yansu.

Aka kai yaran gidan renon yara na ƙungiyar SOS, su kuwa Amurkawan aka tsare su. Tun a nan gaskiya ta fara fitowa, don waɗansu yaran suna kuka suna cewa a kai su wurin iyayensu. Manema labarai suka bi sawu har wani ƙauye mai suna Callebasse, a kan tsaunin nan dai da asibitin mishan na Fermathe yake, inda aka ɗebo da yawa daga cikin yaran. Suka tarar da iyayen da ransu. Galibin yaran nan suna da uwa ko uba. Abin da ya fi ɗaure kai, iyayen ba su ce an sace musu 'ya'ya ba. Cewa suka yi su da kansu suka miƙa su, saboda gidajensu sun rushe, ba su da abin ba su, an kuma nuna musu takarda mai alkawarin makaranta da filin wasa da tafkin wanka, an ce musu za su riƙa zuwa ganinsu.

Ran 4 ga Fabrairu aka tuhume su da satar yara. Alƙali Bernard Saint-Vil ya saurari iyayen, ya saki mutum takwas ran 17 ga watan, aka saki ta tara cikin Maris. Ita Silsby ta zauna a tsare har 17 ga Mayu, ran da kotu ta same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba, ta yanke mata hukuncin kwanakin da ta riga ta yi, ta koma gida.

Masu kare su sun ce niyyarsu mai kyau ce. Ni ban shiga zuciyar kowa ba, kuma ba na musun cewa yawancin mutanen nan goma tausayi ne ya fito da su daga gidajensu. Sun kuma ce ai iyayen sun yarda. To, a nan ne nake son mai karatu ya tsaya tare da ni, don nan ne gizo ke saƙar. Wace irin yarda ce ake karɓa daga uwar da ta kwana 17 a waje, ta binne 'yan'uwanta, ba ta san abin da za ta sa a bakin 'yarta gobe ba? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, amma ba wanda zai ce ya zaɓi takobi. Da baƙin nan sun tsaya a ƙauyen sun ce ga kuɗin hayar otal da na mota da na jirginmu, mu sayi kwano da katako mu rufa muku ɗaki, mu biya kuɗin makaranta na shekara guda, uwa nawa ce za ta ce a'a, ku dai tafi da ɗana? Ba a ba su wannan zaɓin ba. Abin da aka ajiye a gabansu biyu ne: yunwa tare da ɗa, ko ƙoshi ba tare da shi ba.

Har ila yau akwai wani ruɗani wanda mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane shi. A wurinmu in ka ba ɗan'uwanka riƙon ɗa, ɗan bai tashi daga naka ba. Da salla zai zo gaisuwa, in ya yi rashin lafiya za a aiko maka, ranar aurensa kai za a nema. Talakawan Haiti su ma suna da al'adar ba da ɗa ga wanda ya fi su hali, ko da yake sau da yawa takan ƙare da bauta. Abin da uwar Callebasse ta fahimta ke nan da aka ce mata za a riƙe mata ɗa. Amma ɗaukar ɗa irin ta Turawa wani abu ne dabam: kotu takan yanke igiyar da ke tsakanin yaro da iyayensa, a sauya masa suna, ya zama ɗan waɗansu har abada. Ko alkawarin ziyara da aka yi musu, ta yaya manomin da ba shi da fasfo ba shi da kuɗin mota zai haye iyaka zuwa wata ƙasa mai wani harshe don ya ga ɗansa? Kalma ɗaya aka faɗa, mai faɗa da mai ji kowa da abin da yake nufi.

Masu karatunmu na ƙasar Cadi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, don sun ga irin wannan a ƙofar gidansu. Cikin Oktoba 2007 aka kama waɗansu Faransawa na wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé a Abeche, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun yaƙin Darfur ne. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Cadi ne masu iyaye, har an naɗa wa waɗansu bandeji don a ce marasa lafiya ne. Kotun Njamena ta ɗaure shida daga cikinsu shekara takwas da aiki mai wuya, aka mai da su Faransa, Shugaba Idriss Deby ya yafe musu cikin Maris 2008. Waɗannan ba 'yan mishan ba ne, ba su zo da sunan addini ba, amma cutar iri ɗaya ce: mutum ya tabbata a ransa cewa shi mai ceto ne, har ya ga dokar ƙasar matalauta ba ta hau kansa ba. Da a ce bayan wata guguwa a Amurka waɗansu mutanen Haiti goma sun cika mota da 'ya'yan Turawa 33 sun nufi iyakar Meziko ba takarda, da wane suna jaridun duniya za su kira su?

Motar Malpasse guda ɗaya ce aka kama, amma kasuwar da ta haife ta tana da faɗi. Wata ƙungiyar Ingila mai suna Lumos ta fitar da rahoto a 2017 cewa akwai yara wajen 30,000 a gidajen marayu kimanin 750 a Haiti, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na yaran suna da uwa ko uba da rai. Ta bi sawun kuɗi ta tarar aƙalla dala miliyan 70 na shiga waɗannan gidaje kowace shekara, yawanci daga masu ba da baiko a majami'un Amurka. Mai bayarwa yana son ya ga hoton maraya, saboda haka mai gidan marayu ya shiga ƙauye neman yara. Gidan marayun ne ke ƙera marayun. Ran 13 ga Fabrairu 2020 da dare, gobara ta tashi a wani irin wannan gida a yankin Kenscoff, wanda wata majami'a ta jihar Pennsylvania ke gudanarwa ba tare da lasin ba, ana amfani da kyandir saboda injin wuta ya lalace. Mutum 15 suka mutu, kusan dukkansu yara, sai ga iyaye sun fito suna neman gawar 'ya'yansu.

Wannan ke nan game da ɗan mutum. Saura addininsa. Kwana ɗaya tak bayan girgizar, ana kan tonon gawa, wani shahararren mai wa'azi a talabijin na Amurka, Pat Robertson, ya ce wai kakannin mutanen Haiti sun ƙulla alkawari da Shaiɗan don su kuɓuta daga Faransawa, shi ya sa la'ana ke bin su. Yana nufin taron da bayi suka yi a dajin Bois Caiman cikin Agusta 1791, inda suka yi rantsuwar tawaye bisa addinin gargajiya da suka zo da shi daga Afirka, wanda ake kira Vudu. Kiristoci da yawa, har da shugabannin majami'u, sun yi tir da maganar. Amma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma magana irin wannan takan sauka ƙasa ta zama dutse a hannun wani. Cikin Fabrairu 2010 waɗansu masu zafin addini suka jefi masu bikin Vudu da duwatsu a unguwar Cite Soleil sa'ad da suke yi wa matattunsu addu'a. Shugaban masu wannan addini, Max Beauvoir, ya yi kukan cewa ana ware mabiyansa wajen rabon agaji. Da annobar kwalara ta ɓarke a ƙarshen shekarar, aka kashe mutum aƙalla 45, galibinsu limaman Vudu, wai su ne suke yaɗa ciwon da tsafi.

Mu masu imani ne, mun yarda ba abin da ke faruwa sai da iznin Allah. Amma wa ya ba ɗan Adam littafin da zai duba ya ce ga zunubin da ya jawo wannan? Mako shida da 'yan kwanaki bayan ta Haiti, ran 27 ga Fabrairu 2010, girgiza mai maki 8.8 ta auka wa ƙasar Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, amma waɗanda suka mutu ɗari biyar da 'yan kai ne. Shin mutanen Chile sun fi tsoron Allah ne? Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. A Port-au-Prince kuwa bulo ne mai yashi da yawa siminti kaɗan, rodi siriri, a ɗora bene a kan bene a gefen tsauni, ba mai dubawa. In ana neman alkawarin da ya talauta Haiti, yana nan a rubuce: a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta tilasta wa ƙasar biyan faran miliyan 150 diyyar bayi da gonakin da Faransawa suka rasa, daga baya aka rage zuwa miliyan 90, kuma bashin da aka ci don biyan wannan bai ƙare ba sai 1947. Ba da Shaiɗan aka sa hannu a wannan takarda ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kada ɗan'uwana Musulmi ya karanta wannan ya gyaɗa kai ya ce ai halin 'yan mishan ke nan. Gaskiya ne bayan igiyar ruwan da girgizar ƙasa ta tayar ran 26 ga Disamba 2004, wata ƙungiyar mishan ta Amurka mai suna WorldHelp ta shelanta shirin kwasar yaran Musulmi 300 daga lardin Aceh ta rene su a gidan Kirista, sai da gwamnatin Indunusiya ta hana. Amma ran 8 ga Oktoba 2005, da girgiza ta kashe mutum fiye da 70,000 a arewacin Pakistan da Kashmir ta ɓangarenta, cikin waɗanda suka fara isa da asibitin tanti akwai ƙungiyar Jama'atud Da'awa. Ta yi aiki, ba a musu, ta kuma sami suna da magoya baya da wannan aikin. Cikin Disamba 2008, bayan harin birnin Mumbai, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci, ya ce Lashkar-e-Taiba ce ta sauya riga. A watan Afrilu 2010 kuma wani limamin Juma'a a Tehran, Kazem Sedighi, ya ce shigar mata ce ke jawo girgizar ƙasa. Da shi da Robertson ba su haɗa alƙibla ba, amma sun haɗa hali.

Kada kuma wani ya ce to a kori masu addini a bar wa ƙungiyoyin da ba ruwansu da addini. Kwalarar da na ambata, wadda ta kama mutum fiye da 800,000 ta kashe wajen 10,000, daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan ƙasar Nepal ta fito, kusa da Mirebalais, inda ƙazantar bayan gida ta malala cikin rafin da ke shiga kogin Artibonite. Sai cikin Disamba 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. A 2018 aka fallasa cewa waɗansu manyan ma'aikatan Oxfam sun riƙa kawo mata gidan da aka kama musu haya suna biyansu don lalata, a tsakiyar wannan baƙin ciki. Duk inda mai abinci ya haɗu da mai yunwa ba mai sa ido, akwai haɗari, ko mai abincin yana riƙe da carbi, ko gicciye, ko takardar digiri.

Ƙa'idar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1994 ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, har da na Katolika da na Lutheran da Majalisar Majami'u ta Duniya, suka tsara dokokin aiki waɗanda ɗaruruwan ƙungiyoyi suka sa wa hannu daga baya, cikinsu har da na Musulmi. Dokokin ba su hana kowa riƙon addininsa ko bayyana shi ba. Abin da suka hana shi ne a duba addinin mutum kafin a ba shi, ko a ɗaura taimako da sharaɗin ya karɓi aƙidar mai bayarwa. Ni a ganina wannan bai saɓa wa wa'azi ba, kare martabarsa ma ya yi. Littattafan addinan nan biyu duk sun yi horo da ciyar da mabukaci, duk sun yi hani ga gori da riya. Wanda ya tuba don shinkafa, ran da shinkafa ta ƙare zai koma inda ya fito, ya tafi kuma da raini ga addinin da ya saye shi. Mai wa'azi na gaskiya yana iya jira har mutum ya ƙoshi, ya sami rufin ɗaki, ya kai matsayin da zai iya cewa a'a ba tare da ya rasa abincin dare ba. A sa'an nan ne i ɗinsa ke da daraja.

Akwai waɗanda suka yi haka. Wata sista 'yar Katolika mutuniyar Sifen, Isabel Sola, ta yi shekaru tana aiki a ƙasar Gini ta Ikwaita kafin ta koma Haiti a 2008. Girgizar ta same ta a Port-au-Prince, ta tsira, ta shiga tonon mutane da ɗaukar masu rauni. Da ta ga dubban waɗanda aka yanke wa ƙafa da hannu, sai ta kafa wurin ƙera ƙafafun roba, ta sa aka koya wa 'yan ƙasa sana'ar. Ba ta tafi ba bayan masu kyamara sun tafi. Ran 2 ga Satumba 2016 'yan fashi suka harbe ta a cikin motarta a tsakiyar birnin. Ba ita kaɗai ba ce ta biya da ranta ko da 'yancinta: cikin Oktoba 2021, wata biyu bayan wata girgizar ta kashe mutum fiye da 2,000 a kudancin ƙasar, 'yan bindiga suka sace 'yan mishan 17, har da ƙananan yara, waɗansunsu suka yi wata biyu a hannu. Saboda haka in na soki motar Malpasse, ba da waɗannan nake ba. Nisan da ke tsakanin sistar nan da baƙin da kan zo na mako guda sanye da riguna iri ɗaya, su yi fentin bango, su ɗauki hoto da yara, su koma, alhali kuɗin jirgin kowannensu ya isa a biya magini ɗan ƙasa aikin watanni, ya fi nisan da ke tsakanin addini da addini.

Allah Ya kiyashe mu manyan girgizar ƙasa a wannan yanki namu, amma bai raba mu da ambaliya da gudun hijira ba. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwan madatsar Alau ya yi cikin Satumba 2024, sansanonin 'yan gudun hijira kuma cike suke da yaran da ake kira marayu ba tare da an binciki ina kawunsu ko gwaggonsu suke ba. Ran da za a zagayo da faranti a majami'a, ko a shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci don gina gidan marayu, ba laifi ba ne mai bayarwa ya tambaya: yaran nan an nemi danginsu? Hukuma ta san da gidan? In an ba uwar yaron rabin abin da za a kashe a kansa, ba za ta iya riƙonsa a ɗakinta ba? Wanda tambayar ta ɓata wa rai, a ƙara dubansa.

Su kuwa yaran motar Malpasse, cikin watan Maris 2010, bayan hukumar jin daɗin jama'a ta Haiti ta tantance iyayen, aka mai da 32 daga cikinsu ga danginsu, aka dakata da ɗaya har a gama duba takardunta. Aka haɗa kowane iyali da ɗan abinci da barguna da 'yan kuɗi. Suka hau mota suka koma Callebasse da lungunan Port-au-Prince, wurin ɗakunan da suka rushe, damina kuwa tana gab da sauka.